Gashin Sarzan Hamani

Ranar Laraba na zauna a salon ɗin jikata ina jiran rana ta yi sanyi, na ga yadda kuke aiki. Wata mata ta shigo da gashin kanti a leda. Ɗayarku ta shafa mata gam a goshi, ta ɗora, ta danna da bayan mataji, kafin in shanye ruwan da aka ba ni an sallame ta. Na ce bakin goshin ya yi kauri, daga ƙofa ana ganinsa. Kuka yi dariya, kuka ce me Baba ya sani a kan les. Shi ya sa na rubuta muku wannan. In da baki na faɗa za ku katse ni, ni kuwa ba na son a katse ni. Ku karanta daga farko har ƙarshe, kada ku tsallake.

Sunana Nomau, Bagobiri ne ni daga Tsibiri. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko. Na zo Yamai shekara biyu kafin a ba mu 'yancin kai, na sami aikin shara a shagon wani Nasara mai aski a unguwar Filato, Mushe Lusiyan, wato Malam Lusiyan a bakin Faransa. Kafin ya zo ƙasarmu, a gidan wasan kwaikwayo ya yi aiki, yana ɗinka wa 'yan wasa gashi da gemu. Abin da kuke ce wa les, shi tul yake ce masa. Hular gashin kuwa feruk, gam ɗin kuma kol. Da waɗannan sunaye na koya, da su zan yi magana.

Wata shida na yi ina shara kafin ya bari in taɓa kayan aiki. Na farkonsu kan katako ne, mai siffar kan mutum, an lulluɓe shi da zane mai kauri don ya riƙe fil. Na biyu kuroshe, 'yar allura mai ƙugiya a baki, ƙugiyar ta fi ƙayar kifi siriri. Na uku tul ɗin kansa, raga ce wadda in ka shimfiɗa ta a bayan hannunka sai ka neme ta ka rasa. Sai kol, sai alkol da ke narkar da shi, sai ɗan buroshi mai laushi. Duk daga Faransa suke zuwa, har da gashin, ɗauri-ɗauri cikin takarda. Ban taɓa tambayar kan wa aka yanko shi ba. Mushe ma bai taɓa tambaya ba.

Aikin da ya fara ba ni, ɗaura gashi ne a kan guntun tul wanda bai fi tafin hannu ba. Ka ninka silin gashi, ka zura ƙugiya ƙarƙashin zare ɗaya na ragar, ka kamo, ka jawo, ka ƙulle. A tsakiyar kai ana ɗaura biyu-biyu ko uku-uku. A bakin goshi ɗai-ɗai ne, kuma ba a jere ba. Nan na sha wuya, domin ni mutum ne mai son layi. Na yi mako guda ina ɗaurawa, na kai masa ina jiran yabo. Ya ɗaga shi a hasken taga, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, “Nomau, wannan gonar gyaɗa ce. Ka taɓa ganin kan da aka shuka da igiya?” Ya sa almakashi ya aske shi tas, ya miƙo mini. Sai da na shekara kafin hannuna ya koyi warwatsa gashi da gangan. Kuma dole saiwar kowane sili ta fuskanci gefe guda. In ka juya ko kaɗan ne daga ciki, wankin farko zai cukurkuɗe su kamar sheƙar tsuntsu.

Feruk na farko da na gani a kan mai rai na Sarzan Hamani ne, tsohon sajan na soja. Wata Litinin da rana Mushe ya rufe ƙofa, ya ja labule. Wani dogon Bazabarme daga Saga, wani ƙauye a gefen Yamai, ya jingine kekensa, ya shigo, ya cire hula. Daga goshinsa har tsakiyar kai babu gashi, babu ma fatar kirki. Wuta ce ta ci shi a yaƙin Andoshin, inda ya yi wa Faransa soja, man mota ya kama da shi a ciki. Wurin ya tattare, wani gefe ja, wani gefe fari, kamar fatar da aka manta a bakin murhu. Gefen kunnuwa da ƙeya kuwa gashinsa ne na haihuwa. Ya zaro wani gwangwanin biskit daga jakarsa, ya buɗe, feruk ɗin na ciki a kan auduga.

Ya dube ni, ya dubi tsagen fuskata, ya ce, “Mushe, wannan Bagobirin za ka bari ya taɓa kaina? Bawana ne fa, tun kakanninsa.”

Na ce, “Sarzan, yau kan ubangida na hannun bawa. Sunkuya.”

Haka muka fara, da wasan nan na Gobirawa da Zabarmawa, haka kuma muka ci gaba duk Litinin. Ba ya kirana Nomau sai in ransa ya ɓaci.

Sarzan shi ne shugaban masu kai abinci a wani babban otal na Filato, inda ministoci da jakadu ke cin abinci. Ƙa'idar wurin ita ce farar kwat, farar safar hannu, kai babu hula. Tsohon mai otal ɗin, Nasara, shi ya yo masa odar feruk daga Faransa, ya kuma gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa ranar da baƙo ya ga wannan tabo a saman farantinsa, ranar aikin ya ƙare. Bayan 'yancin kai Nasaran ya tafi, aka kawo sabon darakta ɗan ƙasa, amma ƙa'ida ba ta canza ba. Sabon bai san komai ba, a zatonsa gashin Sarzan ne. Sarzan yana da iyali, yaransa biyu suna lakwal a Yamai, kuma sai ya kai shekarun ajiye aiki a wannan matsayi zai sami fansho. Duk wannan a kan raga ɗaya yake rataye, wadda ba ta kai nauyin wasiƙa ba.

Wanda ya ɗinka feruk ɗin a Faransa bai san za a yi salla da shi ba. Azahar, la'asar da magariba duk a wurin aiki suke samun Sarzan. Sau uku a yini jiƙaƙƙen hannu na bi ta kan gashin, sannan goshi ya sauka a tabarma, daidai inda tul ya fi rauni. Mushe ya ce ya riƙa tara sallolin har ya koma gida.

Sarzan ya ce, “Mushe, a Andoshin ana harbi ban tara salla ba. Saboda miyar minista zan tara?”

“To kada goshin ya taɓa ƙasa sosai.”

Sarzan ya juyo gare ni. “Bagobiri, fassara wa maigidanka. Ni na gaji.”

Ni na samo dabarar. Na ɗinka masa ɗan ƙyalle mai santsi da zai riƙa shimfiɗawa a inda goshi ke sauka, don karan tabarma ya daina cin bakin ragar. Shi kuma ya tambayi malaminsa a Saga, aka ce ya shafa a hankali kamar yadda mai rauni ke shafa a kan ɗauri. Wannan ya rage ɓarna, bai hana ta ba.

Aikin Litinin tsari gare shi, kuma ban taɓa sauya shi ba. Da farko a jiƙa auduga da alkol a ɗora a bakin tul, a jira kol ya saki da kansa. Minti goma ne, ba a gaggawa, ba a ja. Wannan na koya wa Sarzan har ya iya, don kullum in ya tashi aiki shi ke cirewa da kansa ya sa hula. Na biyu a kife feruk a kan tawul, a riƙa dangwala buroshi ana fitar da tsohon kol daga ramukan ragar, dangwalawa ba gogawa ba. Na uku wanki da ruwa mai ɗumi kaɗan, daga saiwa zuwa baki. Na huɗu shanya a kan katako, cikin inuwa. Na biyar a ɗaga shi a haske a nemi inda ƙulli ya kwance ko zare ya tsinke, a gyara tun ramin bai kai ƙwayar gero ba. Na shida a rina ragar da ruwan shayi mai kauri har ta yi kalar fatarsa. Na ƙarshe a aske masa gefe da ƙeya daidai tsawon na feruk, don kada a ga inda na Allah ya tsaya na mutum ya fara.

Shekara ta uku bayan 'yancin kai Mushe Lusiyan ya haɗa kayansa ya koma gida. Ya bar mini kan katako, kuroshe uku, guntun tul, kwalbar kol biyu da ragowar gashi ɗauri ɗaya. Ya ce zai aiko da ƙari. Wasiƙa ɗaya ta zo, daga nan shiru. Na kama rumfa a unguwar Bukoki na buɗe shagon aski, na sa labule a ƙuryarsa saboda Litinin. A lokacin shekara huɗu suka rage wa Sarzan ya kai fansho, feruk ɗin kuwa ya riga ya wuce shekarun da aka yi shi dominsu.

Tsufan feruk iri-iri ne. Rana tana mai da gashin ja. Gashin Turawa ne aka nannaɗe a tsinke aka dafa don ya murɗe kamar namu, da tafiya ta yi tafiya sai ya fara miƙewa, in sake nannaɗewa in dafa. Zufa tana cin zare. Akwai kuma tsufan mai shi. Furfura ta fito wa Sarzan a gefen kunne, saman kai kuwa baƙi wuluk kamar na saurayi. Na ce dole in sa furfura a feruk, in ba haka ba ido zai tsaya a wurin. Farin gashi babu, sai na yanko gemun wani farin bunsuru, na wanke, na dafa, na warwatsa sili talatin a gaba. Da ya duba madubi ya ce ya yi. Sai da ya tashi na gaya masa inda na samo.

Ya ce, “Nomau! Bunsuru? In na fara bin awaki a Saga, kai zan kawo wa ƙara.”

Shekarar da nake kira muguwar shekara ta fara ne da bazara. Zafin ya yi tsanani, zufa ta kwance ƙulli da yawa, gaban feruk ya fara nuna raga. Gashin da Mushe ya bari ya ƙare. Gashin maza da nake askewa ba ya ɗauruwa, sai sili ya kai tsawon ɗan yatsa. Dogon gashi irin namu a kan mata yake. Kun san kuma yadda muke ɗaukar gashi. Mace in ta tsefe kai, abin da ya fito a mataji sai ta dunƙule ta binne, ko ta cusa a tsagar bango inda hannu ba ya kaiwa. Namiji ma in ba shi da yarda da wanzami, da kansa yake tattara nasa. Kowa ya san abin da ake cewa ana yi da gashin mutum a wurin boka. Na san wannan sarai, a cikinsa aka haife ni. Amma shekarun da na yi ina buɗe gashi daga takarda sun sa na fara ganinsa kamar zare.

Bayan rumfata akwai wata makitsiya, Inna Hajo, dattijuwa, gwauruwa. Na same ta na ce ina son abin da ke fita a matajinta.

Ta ce, “Ɗan nan, me za ka yi da shi?”

Na ce, “Gyaran wani abu, Inna. Na rantse ba na cuta ba ne.”

“Su masu shi fa?”

“Abin da za a binne ne. Wa zai sani?”

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muni da na taɓa faɗa a sana'ata. Ta yarda, ta ce don ta san ni mai salla ne. Ta riƙa rage kaɗan daga na kowace mace tana ajiye mini cikin tsumma. Aiki ne mai cin ido. Gashin mataji a hargitse yake, sai in zauna in ware shi sili-sili, in shafa tsakanin yatsu in gane ina saiwa ina baki, in wanke man shanun da ke jikinsa har sau uku don kada ƙulli ya zame. Wata huɗu na yi ina cika gaban feruk. Ban gaya wa Sarzan inda nake samowa ba, shi ma bai tambaya ba. Gaskiya kuma ba a taɓa yin lokacin da feruk ɗin ya yi kyau kamar lokacin ba, domin karon farko ke nan da gashin baƙar fata ya hau shi.

Da damina ta yi nisa, matar wani direba mai suna Garba ta kwanta. Zazzaɓi, ciwon kai, sambatu. Ita ma a wurin Inna Hajo take kitso. Wata maƙwabciya ta ce ta taɓa ganin Inna tana miƙo mini tsumma ta kan darni. Aka tsare tsohuwar, ta yi kuka ta faɗi gaskiya. Kafin kwana biyu duk Bukoki ta ji cewa wanzamin nan Bagobiri yana tara gashin matan mutane, yana kuma da kan mutum na itace a bayan labule da yake soka wa allura. Rumfata ta bushe. Wanda ya zo ma sai ya shimfiɗa hularsa a cinya yana tare gashinsa. Inna Hajo ba ta ƙara samun kai ko ɗaya ba.

Mai unguwa ya kira ni ƙofar gidansa. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Garba ya ce ba rantsuwa yake so ba, gashin matarsa yake so.

Mai unguwa ya ce, “Malam Nomau, ina gashin?”

“Na yi aiki da shi, ranka ya daɗe.”

“Wane aiki?”

“Na wani mutum ne. Amana ce, ba zan faɗa ba.”

“To ka ji da kunnenka yadda maganar take. Na ba ka kwana uku. Ran Alhamis bayan la'asar, ko ka kawo gashin, ko ka faɗi inda yake, ko ka bar mana unguwa.”

Na yanke shawarar tashi. Na fara ɗaure kayana, na nemi rumfa a wani gefen gari. Ban aika wa Sarzan ba. Amma wani mai wanki a otal ɗinsu a Bukoki yake kwana, shi ya kai labarin kicin a matsayin abin dariya.

Ran Alhamis mutane sun cika ƙofar gidan mai unguwa, maza a tabarmi, mata a bayan darni. Ban kai ga buɗe baki ba sai ga Sarzan a kan keke, da farar kwat ɗinsa, kai babu hula. Tsakanin abincin rana da na dare ya sulalo. Ya yi sallama, ya gaida mai unguwa da Zabarmanci, sannan ya juya Hausa don kowa ya ji.

Ya ce, “Gashin da kuke nema yana kaina.”

Wani ya tuntsire da dariya. Mai unguwa ya kira shi kusa, ya sa tabarau, ya duba goshinsa, ya duba gefe. Ya ce, “Bawan Allah, wannan ai gashinka ne. Ga furfurarka nan.”

“Ɗinki ne. Shi ya ɗinka.”

Garba ya miƙe. “Nawa ya ba ka, tsohon soja? Ku dubi mutum da gashinsa cif, ya zo yana mana wasan yara! Matata tana kwance!”

Wani dattijo ya matso ya shafa kan Sarzan da hannunsa, ya ce wallahi gashi ne tsirarre. Shekara bakwai ina aiki don kada kowa ya gane, ranar kuwa babu wanda ya gane.

Na ce, “Sarzan, tsaya. Minti goma. Bari in ɗauko alkol a rumfa.”

Garba ya ce, “Kun ji ko? Zai je ya ɗauko abin da zai rufe mana ido. Ba inda za shi!”

Mutum biyu suka tare mini hanya. Sarzan ya dube ni ya ce, “Bari, Nomau. Gani ya kori ji.” Ya sa farce a bakin goshi ya fizga.

Na ji ƙarar yagewar daga inda nake. Tsohon tul ne, ya rabu gida biyu. Gaban ya zauna manne a goshinsa, sauran na hannunsa, fatar tabon ta ɗaye a wuri biyu, jini ya gangaro kan farar kwat. Mata suka yi salati a bayan darni. Dattijon da ya shafa kan ya riƙa goge hannunsa a riga. Sarzan ya tsaya ƙyam kamar a fareti har kowa ya gama kallo.

Mai unguwa ya ce an wanke ni daga zargin sammu, amma ba a wanke ni daga ɗaukar abin mutane ba da izini ba, kuma gaskiyarsa ne. Ya ce a mayar wa kowace mace gashinta. Na ce ba mai iya bambance na wata da na wata. Ya ce to a cire duka a binne. Aka rako ni na ɗauko almakashi da alkol. Na fara cire guntun da ke goshin Sarzan yadda ya kamata, na wanke masa ciwon. Sannan na zauna a tabarma, a gaban jama'a, na yanke aikin wata huɗu daga jikin ragar. Aka tona rami a gindin darni aka binne. Abin da ya rage a hannuna yagaggiyar raga ce mai 'yan jajayen gashi, da gemun bunsuru. Tul ɗin da zan yi faci da shi ya ƙare tun bara, kuma ko da akwai, ba a facin bakin goshi.

Wani ya ara wa Sarzan hula ya koma. Washegari ya shiga aiki da jar dara a kansa. Labari ya riga shi isa, har yaran kicin suna tambayar juna ko matar wa ce a gaban goshi, matar wa ce a tsakiya. Darakta ya kira shi ofis, ya sa ya cire hular, ya duba, ya ce ya mayar. Ya yi masa magana da ladabi, ya ce yana girmama abin da ya yi a soja, amma ƙa'ida ƙa'ida ce. Ya ba shi gadin ƙofar baya, inda ake shigo da itace da kaji. Sarzan ya yi wata biyu a nan ya ajiye. Shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage masa. Yaransa biyu suka bar lakwal suka koma gona.

Matar Garba ta warke da ruwa ya ɗauke, kamar yadda masu zazzaɓi ke warkewa. Unguwa ta ce don an binne gashin ne. Rabin masu askina suka dawo, rabi ba su dawo ba har abada. Inna Hajo ta koma ƙauyensu, ban sake jin labarinta ba. Laifin duk nawa ne, ba na Garba ba, ba na mai unguwa ba. Da na je wurin matar Sarzan tun farko na roƙi nata, da bakinta, da an daɗe ana tarawa amma da an tara. Hanyar da ta fi sauri na bi.

Lokacin yankan shinkafa na hau keke na tafi Saga. Na same shi a bakin fadama da malfa, wando a naɗe, ƙafa duk laka. Ya rame. Muka gaisa, ya shimfiɗa mini buhu a ƙarƙashin wata bishiya.

Na ce, “Sarzan, minti goma kawai na roƙa.”

Ya ce, “Kala suru, sai haƙuri. Ko ka cire shi lafiya, ai binne shi za su yi.”

“Da ragar ta tsira.”

“Raga, raga. Kai Bagobiri, ko a kabari aka sa ka sai ka duba ɗinkin likkafani. Ka zo da aska?”

Na zo da ita, ba na fita ba ita. Ya cire malfa ya ce in kwashe duka, gefe da ƙeya, babu sauran abin da za a daidaita da shi. Na jiƙa masa kai da ruwan kogi, na aske, ina kaucewa bakin tabon. Da na gama ya tattara gashin daga kan buhu da hannunsa, ya zuba a ganye, ya naɗe, ya miƙo mini.

Ya ce, “Karɓi. Wannan da izinin mai shi.”

Na buɗe na duba. Na ce, “Ya yi gajere, Sarzan. Ba ya ɗauruwa.”

Ya yi dariya har da tari. “Ko kyauta sai ka auna ta. Tashi ka tafi, rana na faɗuwa, ni ina da aiki.”

Ya mayar da malfarsa ya shiga cikin shinkafa, bai waiwayo ba. Na sa ganyen a aljihu na hau keke. Kafin in shiga gari na tsaya a bakin kogi, na tona rami da hannuna, na binne shi kamar yadda ake yi.